Agaji da Wa'azi a Kan Ɓaraguzan Haiti

Da daren Juma'a, 29 ga Janairu, 2010, jami'an tsaron Haiti suka tare wata motar safa a kan iyakar ƙasarsu da Jamhuriyar Dominikan. A cikin motar akwai Amurkawa 10, mafi yawansu 'yan majami'un Baftis da ke jihar Idaho, da kuma yara 33, daga jariri ɗan watanni zuwa ɗan shekara 12. Ba fasfo, ba takardar izini daga hukuma. Shugabar tafiyar, wata mata mai suna Laura Silsby, ta ce marayu ne da girgizar ƙasa ta raba da iyayensu, kuma za a kai su wani otal da suka kama a can ƙetaren iyaka, a mayar da shi gidan marayu, a raine su bisa tarbiyyar addinin Kirista. Kwana 17 ke nan da aukuwar girgizar, ba a ma gama zaƙulo gawarwaki daga ƙarƙashin gine-gine ba.

Kafin mako ya zagayo, 'yan jarida suka hau tsaunuka zuwa wani ƙauye da ake kira Calebasse, suka tarar da iyayen da yawa daga cikin yaran da ransu da lafiyarsu. Iyayen ba su ɓoye komai ba. Sun ce da hannunsu suka miƙa 'ya'yan, saboda gidajensu sun rushe, abinci ya yanke, kuma baƙin sun yi musu alkawarin makaranta da kulawa da damar ziyara. Aka tsare Amurkawan a Port-au-Prince. An sallami takwas a watan Fabrairu, guda a watan Maris, ita kuwa Silsby sai a watan Mayu, bayan kotu ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma ɗauki zaman da ta yi a tsare a matsayin hukuncinta.

Na daɗe ina amfani da wannan labari a aji, duk lokacin da muka zo kan batun ƙungiyoyin agaji da ikon hukuma. Abin da ke jan hankalina a cikinsa shi ne, babu wata hujja da ta nuna mutanen nan sun je da nufin sayar da yara. Sun yi imani da cewa Allah ne ya aike su, kuma wannan imanin ne ya sa ba su ga dalilin tsayawa neman sa hannun wani jami'i ba, a ƙasar da gwamnatinta ta riga ta sanar cewa babu yaron da zai fita sai da amincewar Firayim Minista. Kyakkyawar niyya tana iya yin ɓarna idan mai ita ya ɗauka ta ishe shi lasisi. Amma rashin adalci ne a tsaya a kan wannan mota ɗaya, domin labarin 'yan mishan a Haiti ya fi ta faɗi nesa ba kusa ba.

Girgizar ta auku ne ranar Talata, 12 ga Janairu, 2010, da ƙarfe 4:53 na yamma, da ƙarfin maki 7.0, kuma cibiyarta tana kusa da garin Léogâne, kimanin kilomita 25 yamma da babban birni. Har yau ana taƙaddama kan adadin waɗanda suka mutu. Gwamnati ta fara cewa sun haura 200,000, daga baya ta kai lissafin 316,000, wasu masu bincike kuma suka ce adadin bai kai haka ba. Kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka koma kwana a fili da tantuna. Fadar shugaban ƙasa ta rufta, ginin majalisa ya rufta, galibin ma'aikatun gwamnati sun zama tarin ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta rasa ma'aikata 102, har da shugaban tawagarta, Hédi Annabi ɗan Tunisiya. Babban cocin Katolika na Port-au-Prince ya faɗi, Akbishop Joseph Serge Miot yana cikin mamatan.

To, a ƙasar da gwamnati ta wayi gari ba ofis ba ma'aikata, wa ya rage? Tun kafin girgizar, fiye da kashi 80 cikin ɗari na makarantun Haiti ba na gwamnati ba ne, kuma da yawansu majami'u ne suka gina su suke tafiyar da su. Haka asibitoci da ɗakunan shan magani, musamman a karkara. Saboda haka da ƙasa ta motsa, waɗanda ke da rumbun abinci da motoci da jerin sunayen mutanen unguwa su ne limaman coci da 'yan zuhudu mata da ma'aikatan mishan. Ƙungiyar Catholic Relief Services tana aiki a ƙasar tun 1954. Asibitin ɗariƙar Adventist da ke Diquini, kusa da inda girgizar ta fi tsanani, bai faɗi ba, ya cika ya batse har ana yi wa masu karaya aiki a tantuna a harabarsa. Asibitin Sacré Coeur na Katolika da ke Milot, can arewa, ya riƙa karɓar waɗanda ake kawowa da jirage masu saukar ungulu har majinyatansa suka ninka gadajensa sau da yawa. Ƙungiyar Salvation Army ta ɗauki nauyin wani sansani a unguwar Delmas mai mutum kusan 20,000. Ƙananan jiragen Mission Aviation Fellowship suka riƙa sauka a filayen ƙasa da manyan jirage ba sa iya sauka.

Mai karatu a nan ƙasar ba zai yi mamakin wannan ba. Duk wanda ya taɓa kai tsohonsa Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko ya ƙetara zuwa Galmi a Nijar neman magani, ya san cewa akwai aikin mishan da ya ginu a kan zama da mutane shekara da shekaru, da koyon harshensu, da horar da 'ya'yansu su zama ma'aikatan jinya. Irin waɗannan ne suka ceci rayuka a makon farko a Haiti. Ba kuma Kiristoci kaɗai ba: ƙungiyar Islamic Relief ta kafa sansanonin tantuna, gidauniyar Tzu Chi ta mabiya addinin Budda daga Taiwan ta raba abinci, daga baya ma ta gina wa wasu 'yan zuhudun Katolika makarantunsu da suka rushe. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa: mabiya Budda sun kashe kuɗinsu sun gina makarantar da za a koyar da addinin da ba nasu ba, saboda ita yaran unguwar suke da ita.

Sai kuma ayari na biyu, na waɗanda suka ga hotuna a talabijin suka haɗa jaka. Haiti tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgi daga Miami, don haka ta daɗe tana zama wurin da majami'un Amurka ke tura matasansu tafiyar mako ɗaya ko biyu. Bayan girgizar abin ya zama tururuwa. Jirage suka riƙa sauke ƙungiya bayan ƙungiya, kowace da riguna iri ɗaya masu ɗauke da sunan majami'arta. Ɗan wasan fim John Travolta ya tuƙo jirginsa da kansa, da kayan agaji da likitoci da masu hidima na ɗariƙar Scientology. Wata ƙungiya daga Albuquerque ta aika da na'urori 600 masu aiki da hasken rana, masu karanta Littafi Mai Tsarki da harshen Kiriyol. An yi mata dariya a jaridun Turai, ko da yake a ganina dariyar ta yi yawa, tunda mutanen Haiti masu addini ne ƙwarai, kuma wanda ya binne iyalinsa yana buƙatar abin da zai dafa zuciyarsa kamar yadda yake buƙatar ruwa. A daren farko ma, shaidu da dama sun ba da labarin yadda birnin ya kwana cikin duhu ana rera waƙoƙin yabo a tituna.

Matsalar wannan ayari ta fi kusa da lissafi. Kuɗin da aka kashe wajen kai ɗalibin jami'a daga Amurka ya je ya ɗora bulo na mako ɗaya, alhali bai taɓa riƙe cokalin gini ba, zai biya magini ɗan ƙasa na tsawon watanni, a garin da rashin aiki ya yi katutu. Baƙon zai koma gida da hotuna da labarin da zai bayar a majami'a, maginin kuwa yana tsaye yana kallon aikin da ya kamata ya ci abinci da shi. Kuma kowace ƙungiya tana yin abin da ta ga dama a inda ta ga dama, ba tare da ta tambayi ma'aikatar lafiya ko ta ilimi ba. Ba banza ba ake yi wa Haiti laƙabi da jamhuriyar ƙungiyoyin agaji.

Akwai kuma batun fassarar bala'in. Kwana ɗaya kacal bayan girgizar, fitaccen mai wa'azin talabijin na Amurka, Pat Robertson, ya faɗi a shirinsa cewa kakannin mutanen Haiti sun ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan domin su kuɓuta daga Faransa, shi ya sa tsinuwa ke bin su tun daga lokacin. Yana nuni ne ga taron da bayi suka yi a dajin Bois Caïman a watan Agusta na 1791, wanda aka ce daga nan tawayen ya tashi, tawayen da ya kai ga 'yancin kai a 1804, ya haifar da jamhuriyar baƙar fata ta farko a duniya. Kiristoci da yawa, har a cikin Amurka, sun yi tir da maganar. Abin lura kuma shi ne, a daidai lokacin da yake faɗin haka, ƙungiyar agajin da shi kansa ya kafa, Operation Blessing, tana can tana raba magunguna. Hannu ɗaya yana miƙa magani, baki yana gaya wa majinyaci cewa laifin kakansa ne.

Wanda ke neman dalilin da ya sa Haiti ta talauce ba sai ya shiga daji neman Shaiɗan ba. A 1825 Sarkin Faransa Charles na Goma ya aika da jiragen yaƙi, ya tilasta wa ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsoffin masu bayi, wato waɗanda aka bautar su biya waɗanda suka bautar da su. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma sai da ƙasar ta ci bashi a bankunan Faransa kafin ta iya biya, ta shafe zuriya bayan zuriya tana fama da bashi a kan bashi. Amurka ta mamaye ta daga 1915 zuwa 1934. Gidan Duvalier, uba da ɗa, suka tatse ta daga 1957 zuwa 1986. A tsakiyar shekarun 1990 aka matsa mata ta rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, shinkafar Amurka mai tallafi ta kashe kasuwar manoman cikin gida, suka kwararo birni suka gina ɗakuna a gangaren tsaunuka da siminti maras ƙarfi. Bill Clinton da kansa ya amsa a watan Maris na 2010 cewa wannan manufa kuskure ce. Makonni shida da 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, wata mai ƙarfin maki 8.8 ta afka wa Chile, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka mutu ba su wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Chile tana da dokar gini da ake bi. Ƙarfen rodi da ingancin siminti su ne suka raba ƙasashen biyu.

Maganganu irin na Robertson ba su tsaya a talabijin ba. Haiti ƙasa ce ta Katolika da Furotestan, amma a ƙarƙashin duka biyun akwai Budu, addinin gargajiya da bayi suka haɗa daga abin da suka zo da shi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Bahaushe zai gane shi da sauri idan aka ce ɗan'uwan bori ne, domin a can ma wanda iska ta hau ana kiransa doki. Gwamnati ta amince da shi a matsayin addini a 2003. Bayan girgizar, wa'azin da ke cewa Budu ne ya jawo fushin Allah ya bazu a sansanoni, kuma shugaban masu wannan addini na lokacin, Max Beauvoir, ya yi ƙorafin cewa ana ware mabiyansa wajen rabon kayan agaji. A watan Fabrairu aka yi wa wani taron addu'arsu ruwan duwatsu a unguwar Cité Soleil. A ƙarshen shekarar, da kwalara ta ɓarke, hukumomi suka ce an kashe aƙalla mutum 45, galibinsu bokayen Budu, bisa zargin su ne ke yaɗa cutar da sihiri. Ba 'yan mishan ne suka ɗauki adduna ba, amma wanda ya shekara yana nuna wa jama'a mai laifi da yatsa ba zai wanke hannunsa tas ba ranar da jama'ar suka afka masa.

Ita kuwa kwalarar, ba bokaye ne suka kawo ta ba, ba kuma 'yan mishan ba. Ta fito ne daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Nepal, kusa da Mirebalais, inda ƙazantar bayan gida ta malala cikin wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite, a watan Oktoban 2010. Ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe kusan 10,000. Sai a watan Disamban 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti. Na kawo wannan ne domin kada wani ya ɗauka cire addini daga aikin agaji shi ne maganin komai. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala rabin biliyan da sunan Haiti, sai ga binciken ProPublica da gidan rediyon NPR a 2015 yana cewa gidaje na dindindin shida kacal ta gina, ko da yake ita ta ce ta kashe kuɗin a matsugunan wucin gadi da wasu ayyuka. A 2018 asirin wasu manyan ma'aikatan Oxfam ya tonu, cewa sun riƙa lalata da mata don kuɗi a gidan da ƙungiyar ta kama musu. Daga cikin biliyoyin agajin gaggawa da aka tara, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masu addini da marasa shi duk sun tarar da ƙasar da ba mai iya tambayarsu ba'asi, kuma da yawa sun yi yadda suke so.

Inda hannun majami'u ya fi fitowa fili shi ne gidajen marayu. Ƙungiyar Lumos ta ƙiyasta cewa akwai yara kusan 30,000 a gidajen marayu kimanin 750 a Haiti, kuma kashi 80 cikin ɗari na yaran suna da uwa ko uba a raye. A rahotonta na 2017 ta bi sawun fiye da dala miliyan 70 da ke shiga waɗannan gidaje a kowace shekara, galibi daga masu bayarwa na majami'un Amurka. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai bayarwa yana son ganin hoton yaron da kuɗinsa ke ciyarwa. Ya fi sauƙi a nuna masa yara 40 a jere a gida ɗaya da a nuna masa uwaye 40 a warwatse a ƙauyuka ana ba su jari da kuɗin makaranta. Kuɗi na bin gidan marayu, gidan marayu kuma yana buƙatar yara, sai a shiga ƙauye a nemo su daga hannun iyayen da talauci ya ci ƙarfinsu. A watan Fabrairun 2020 gobara ta tashi a wani irin wannan gida a tsaunukan da ke bayan Port-au-Prince, wanda wata majami'a ta jihar Pennsylvania ke tafiyarwa ba da lasisi ba. Kyandir aka kunna saboda babu wuta. Yara 15 suka mutu.

Abin ba na Haiti kaɗai ba ne, kuma ya taɓa zuwa kusa da mu. A watan Oktoban 2007 aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche ta ƙasar Chadi, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa da sunan marayun Darfur, aka gano galibinsu 'yan Chadi ne masu iyaye. Wannan ƙungiya ba ta addini ba ce, amma tunanin iri ɗaya ne: yaron talaka ya fi dacewa da hannun baƙo mai hali. Bayan igiyar ruwa ta tsunami ta 2004 kuma, wata ƙungiyar mishan ta Amurka, WorldHelp, ta sanar da shirin kwashe marayu 300 daga Aceh, yankin Musulmi, zuwa gidan renon Kirista a Jakarta, sai gwamnatin Indonesiya ta taka mata birki. Bambancin Indonesiya da Haiti shi ne, a can akwai hukumar da ke tsaye da ƙafafunta.

Duk shekarar da na kawo wannan batu a aji, ɗalibaina Musulmi sukan yi saurin yanke hukunci: ai dama haka 'yan mishan suke, buhun shinkafa a dama, littafi a hagu. Sai in tambaye su, idan ƙungiyar da'awa ce ta je ƙauyen Maguzawa da yunwa ta kama, ta ce hatsi na wanda ya karɓi kalmar shahada ne, me za su kira wannan? A nan aji kan yi tsit, sannan gardama ta kaure. Nakan tuna musu da girgizar ƙasar Kashmir ta 8 ga Oktoba, 2005, wadda ta kashe fiye da mutum 70,000, inda ƙungiyar Jama'atud Da'awa ta riga sojojin Pakistan isa wasu ƙauyukan tsaunuka da likitoci da tantuna, ta kuma samu farin jini da magoya baya ta wannan hanya, alhali ita ce daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda. Wanda ya ciyar da kai ranar da ba ka da kowa ya samu wani iko a kanka, ko wane littafi yake ɗauke da shi. Abin tambaya shi ne me zai yi da ikon.

Ba na cikin masu cewa mai addini ya ajiye addininsa a filin jirgi kafin ya shiga aikin agaji. Ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne, tunda addinin ne ya taso da shi daga gidansa. 'Yar zuhudun da ta shekara 30 tana wanke gyambon mutane a unguwar talakawa ba albashi ya zaunar da ita ba. Yana da haƙƙin faɗin abin da ya yi imani da shi idan an tambaye shi, da yin ibadarsa a fili, da gayyatar wanda ya ga dama zuwa majami'arsa ko masallacinsa. Abin da ba shi da haƙƙin yi shi ne ya sa wa'azi a bakin layin rabon abinci, ta yadda mai jin yunwa zai fahimci cewa sai ya saurara, ko ya ɗaga hannu, ko ya rubuta suna, kafin a auna masa. Wanda ya kwana uku bai ci ba zai amsa duk abin da aka ce ya amsa, kuma amsar da aka karɓa a wannan hali ba ta da daraja a Musulunci, ba ta da ita a Kiristanci. Malaman addinan biyu sun yi magana mai yawa kan sadakar da gori ke ɓatawa, da kyautar da ake yi don a gani.

Manyan ƙungiyoyin agaji na majami'u sun riga sun amince da wannan a rubuce. A 1994 aka fitar da kundin ƙa'idojin aikin agaji na Red Cross da Red Crescent da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma cikin waɗanda suka tsara shi akwai Caritas da Catholic Relief Services da Tarayyar Lutheran ta Duniya da Majalisar Majami'u ta Duniya. Kundin ya tanadi cewa buƙata ce kaɗai ma'aunin rabon agaji, ba launi ko aƙida ba, kuma ba za a ɗaura bayar da shi a kan karɓar wani ra'ayin addini ko na siyasa ba, ko da yake ya bar wa kowace ƙungiya 'yancin riƙe aƙidarta. Rauninsa shi ne sa hannu na ganin dama ne, kuma babu mai hukunta wanda ya saɓa. Ƙananan ƙungiyoyin da suka fi yin ɓarna a Haiti galibi ba su ma taɓa jin labarinsa ba. Majami'a ce guda a wani ƙaramin gari, da fasto mai zafin nama, da asusun da aka tara ranar Lahadi. Irin waɗannan babu abin da zai tsayar da su sai jami'in kan iyaka da ya nemi takarda, kamar wanda ya tare motar Silsby, a lokacin da ofishin da ke ba da takardar ma ya rushe.

Wannan ne ya sa nake ganin aikin da ya fi amfani a Haiti shi ne wanda ya ƙarfafa hukumar ƙasar maimakon ya zagaye ta. Marigayi Dakta Paul Farmer, wanda shi ma tunaninsa ya sha daga koyarwar Katolika kan fifita talaka, ya nace a kan haka, kuma ƙungiyarsa ta Partners In Health ta gina babban asibitin koyarwa na Mirebalais tare da ma'aikatar lafiya ta Haiti, aka buɗe shi a 2013 a matsayin asibitin gwamnati mai horar da likitoci 'yan ƙasa. Da wata girgizar mai ƙarfin maki 7.2 ta afka wa kudancin ƙasar ranar 14 ga Agusta, 2021, ta kashe fiye da mutum 2,200, akwai likitocin gaggawa 'yan Haiti da aka horar a can cikin waɗanda suka fara isa wurin.

Yau jiragen da ke cike da masu riguna iri ɗaya sun daina sauka. Tun bayan kashe Shugaba Jovenel Moïse a watan Yulin 2021, gungun 'yan bindiga suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince. A watan Oktoba na wannan shekarar gungun 400 Mawozo ya sace mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries ta jihar Ohio, har da ƙananan yara, a hanyarsu ta dawowa daga ziyarar wani gidan marayu, kuma sai a watan Disamba na ƙarshensu suka kuɓuta. A watan Mayun 2024 aka kashe wasu matasa ma'aurata 'yan mishan daga Amurka tare da shugaban mishan ɗin ɗan Haiti. Ƙungiyoyi da yawa sun kwashe ma'aikatansu baƙi. Waɗanda suka rage suna buɗe makarantu da ɗakunan shan magani da safe su ne fastoci da limamai da 'yan zuhudu 'yan ƙasa, waɗanda ba su da wata ƙasar da za a kwashe su zuwa. Shida daga cikin irin waɗannan mata aka sauke daga motar safa a tsakiyar birnin a watan Janairun 2024, aka riƙe su kwanaki kafin a sake su. Babban cocin Katolika na Port-au-Prince kuwa har yanzu kango ne, fiye da shekara 15 bayan faɗuwarsa.